Wayar Shanya a Salansar Baffa

Abubuwa da yawa sun shige mini, amma ba na jin zan taɓa mantawa da ranar Asabar ɗin da aka je nema mini aure a Dangora. Ko yanzu ma sai da na ɗan dakata, na tambayi kaina ko ya dace in ba da wannan labari. Daga baya na ga tunda rabin mutanen garinmu Yako sun riga sun sani, gara ragowar su ji daga bakina.

Na yi karatun injiniyancin noma a jami'a. Ban ce na fi kowa ƙoƙari ba, amma dai ban taɓa faɗuwa jarrabawa ba. Tun ranar da na dawo gida sunana na yanka ya ɓace, yaro da babba Injiniya suke ce mini. (Abin da ba su sani ba shi ne, yawancin injinan da na sani a takarda na san su. Zan iya zana maka cikin injin ban-ruwa da fensir, amma in ka miƙo mini sufana sai na ɗan tsaya na tuna ta wane gefe ake kwancewa.)

Yarinyar da nake nema sunanta Binta. Wanda zai ba da aurenta ƙanin mahaifinta ne, Malam Ɗanladi mai walda, kuma ita da kanta ta gaya mini bai cika yarda da 'yan boko ba. Wai yana cewa bakinsu ya fi hannunsu aiki. Ta ce in ya ce a'a, babu wanda zai tsallake maganarsa a gidan. Tun daga ranar nake kwana nake tashi da sunan mutumin nan a raina.

A namu ɓangaren Baffa Sale ne zai je, yayan mahaifina, tare da maƙwabcinsa Malam Haruna. Baffa yana da wani tsohon babur, wanda wataƙila ya girme ni, kuma ba ya hawa na kowa sai shi. Lafiyarsa ƙalau, sai dai salansarsa tana ɗan karkarwa, don maƙalinta na baya ya daɗe da cirewa, da igiyar roba aka ɗaure. Shekara da shekaru a haka yake zuwa gona da kasuwa. Ni kaɗai ne na zauna na fara tunanin: in fa ya tsaya a hanya? In fa Malam Ɗanladi ya ji wannan karkarwa ya ce gidan da ke da injiniya ke nan?

Ranar Juma'a bayan la'asar na ari sufana na tafi gidan Baffa.

"Baffa, da ma na ce ko in ɗan duba babur ɗin, saboda gobe."

"Me ya same shi?"

"A'a, ba abin da ya same shi. Don dai a tabbatar."

Ya dube ni ya dubi babur, ya ce, "To Injiniya, ga ka ga shi. Amma ka bar masa salansarsa, mun saba da juna a haka." Ya ɗauki sandarsa ya tafi duba dawa.

Da farko na yi abin kirki, a ganina. Na goge shi, na duba iskar taya, na ɗiga wa sarƙa baƙin mai. Sai na fara bin notocin ɗaya bayan ɗaya ina ƙara musu ɗauri kaɗan, har na iso kan guda biyun da suke riƙe da bakin salansa a jikin inji. Na tuna maganar Baffa sarai. Amma sai na ce wa kaina ai ba taɓawa zan yi ba, gwadawa kawai zan yi in ji ko sun ɗauru. Na sa sufana a na farko, na ji shi gam. Mai hankali a nan zai tsaya. Ni kuwa na ce bari in ƙara ɗan kaɗan, ko da akwai saura.

Sai na ji ƙas! Kan notin ya faɗo ƙasa, guntun ya maƙale a cikin inji, wurin karayar yana ta ƙyalli kamar sabon kwano.

Na daɗe a tsugune ina kallonsa. Sai ilimi ya zo ya taimaka mini na ƙara ɓata lamarin. Na lissafa cewa in na kwance ɗaya notin na cire salansar, zan samu wurin kama guntun da filaya. Shi kuwa wancan tsatsa ta cinye shi, ya ƙi motsi. Yanzu na san ana jiƙa irinsa da mai a bar shi ya sha, ko a ɗan gasa shi. A lokacin abin da na tuna kawai shi ne darasin da aka koya mana cewa in hannun sufana ya ƙara tsawo, ƙarfi yana ƙaruwa. Na samo guntun bututun ƙarfe na zura a sufanar, na danna. Darasin gaskiya ne. Na biyun ma ya karye.

Hanyoyi biyu ne a gabana, kuma duk masu kyau. Ko in jira Baffa in gaya masa, ko in tura babur ɗin wurin bakaniken bakin kasuwa. Amma bakaniken nan kafin magariba ya gama gaya wa gari cewa Injiniya ya karya noti. Sai na zaɓi ta uku, wadda babu ita a kowane littafi: na zagaya gidanmu na kwance wayar shanyar Inna, na dawo na naɗe bakin salansar da jikin inji, na murɗe da filaya, na shafa baƙin mai a kai don kada ta yi haske. (Inna ta yi kwana biyu tana zargin masu sayen gwangwan.)

Da safe Baffa ya fito cikin babbar riga, Malam Haruna ya hau baya rungume da ƙullin goro da alewa. Da aka tayar da babur sai ya yi wata irin ƙara mai kauri.

"Injiniya, yau kuma muryarsa ta buɗe," in ji Baffa.

"Eh, to... wani lokacin in an goge inji yakan yi haka. Ina jin."

Suka tafi. Kowa ya san a al'ada mai neman aure ba ya zuwa wurin nan. Manya ne suke zuwa, kai kana gida kana jiran labari, ko inuwarka bai kamata a gani a unguwar ba. Na zauna a ƙofar gida, amma na kasa. Idona sai nuna mini yake salansa ta zame ta caki ƙasa, tsofaffi biyu sun kife a kan hanya saboda ni. Na ɗauki ragowar wayar da filaya na sa a aljihu, na tare Shu'aibu ɗan acaɓa, wanda muka yi firamare tare.

"Dangora? Yau? Kai da ake nema wa aure?" Ya kwashe da dariya. "Ko kana tsoron Baffa ya nema wa kansa ne?"

"Kai dai bi su daga nesa. Kada su gan mu."

Haka muka yi ta bin su tsakanin gonakin dawa, duk ramin da suka faɗa sai in kafa wa salansar ido. Wayar nan kuwa ta yi ƙoƙari, ba zan ci amanarta ba. Ta kai su har cikin Dangora. Na sauka na laɓe a bayan wata darbejiya da ke kallon gidan su Binta, na ga an shimfiɗa tabarmi a ƙofar zaure, dattawa sun kai shida a zaune. Na fara hamdala ke nan, Baffa ya zo tsallake 'yar kwatar ƙofar gidan.

Bakin salansa ya sauka ƙasa. Babur ya saki wata ƙara kamar injin niƙa, awaki suka watse, Malam Haruna ya dira da ƙafa ɗaya, goro ya tarwatse a ƙasa. Ni kuma ban san lokacin da na fito a guje ba, waya a hannun dama, filaya a hagu, ina cewa, "Baffa kashe shi! Kashe shi, ni ne!"

Baffa ya kashe babur. Kowa ya juyo yana kallona. Sai a lokacin na tuna inda nake.

Wani dattijo ya ce, "Wannan kuma wane ne?"

Baffa bai ko kalle ni ba ya ce, "Shi ne yaron." Sannan ya ƙara da cewa, "Injiniya ne."

Na durƙusa a inda nake na fara gaisuwa, ina kwana, ina gajiya, har da tambayar ya ruwa, waya tana hannuna. Wani siririn mutum mai tabon ƙuna a yatsu ya taso daga kan tabarma. Ba sai an gaya mini ko wane ne ba. Ya tsuguna gaban injin, ya sa farce ya kankare baƙin man da na shafa, ya daɗe yana kallo.

"Wannan karayar jiya ce," ya ce. "Ɗaya wajen ɗaurewa, ɗaya wajen kwancewa. Wannan kuma ba da hannu kaɗai aka karya shi ba, an ƙara wa sufana bututu. Haka ne?"

"Haka ne, Baba."

"Wayar fa?"

"Ta shanyar Inna ce."

Wani daga cikin dattawan ya yi tari, irin tarin da ake ɓoye dariya da shi. Daga cikin zaure kuma na ji dariyar mata, ba ɓoyewa.

Malam Ɗanladi ya ce a tura babur rumfarsa da ke ƙarshen layin, ya ce in biyo shi. A gabana ya ɗora wani noti a kan guntun, ya ɗiga masa walda, ya bar shi ya ɗan huce, ya sa sufana yana yi gaba yana yi baya a hankali, kamar mai lallashin yaro. Guntun ya fito. Ya yi wa na biyun haka. Duka aikin bai kai tsawon lokacin da na ɓata ina naɗa waya ba. Da ya gama, sai ya ce, "Me ya sa ka biyo su?"

Na ce, "Tsoro na ji kada su faɗi."

"Da ka gaya masa jiya, da ba ka sha wannan tafiyar ba." Ya goge hannunsa. "Wuce gida. Nan ba wurinka ba ne yau."

Da yamma Baffa ya dawo, babur yana tafiya shiru kamar ba shi ba. Na kasa haɗa ido da shi. Sai da ya yi alwala ya zauna sannan ya ce, "An ba ka." Ya ce Malam Ɗanladi ya faɗa a gaban kowa cewa yaron da ya biyo ɓarnarsa tun daga Yako don kada ta kayar da tsoho, ana iya ba shi riƙon 'yar mutane. Amma ya ce a roƙe ni, don Allah, kada in sake riƙe sufana sai a gabansa.

Abin da na koya ba shi da yawa, kuma ban ce zai yi wa kowa amfani ba. In noti ya ɗauru, a ƙyale shi. In kuma an riga an karya, a faɗa tun kafin mutane su hau. Yau shekararmu huɗu da Binta, kuma duk abin da ya kwance a gidan, ko hannun tukunya ne, takan kalle ni ta ce, "Injiniya, bari dai mu jira Baba Ɗanladi."