Kan Tsoho Na Jiran Shekara

"...lafiya lau, Tsoho, amma don Allah kada ka zauna a kujerar nan!"

Kafin jikan ya rufe baki, kakan ya riga ya baje a kujerar aski, da wata ƙatuwar hula da ya ja har kunne. Jikan kuwa ido ɗaya a kansa, ɗaya a tsallaken titi, inda tsohon maigidansa ke tsaye a ƙofar shago kamar an dasa shi. Tunda ya bar can ya kama aiki a wannan sabon shagon, mutumin ya sa masa ƙahon zuƙa. Wai akwai yarjejeniyar da ya sa wa hannu lokacin da yake neman aiki ido rufe: in ya tafi, sai ya shekara bai taɓa kan kwastoman tsohon shagon ba. In ya karya, kotu ce za ta raba su. Ni dai ban taɓa jin inda mutum ya mallaki ƙeyar jama'a ba sai a bakin wannan bawan Allah.

"Kai ja'iri, kujerar ta gadonka ce?" in ji kakan.

"Tashi, Tsoho. Kai kwastomansa ne, shekara da shekaru a can kake aski."

"A can nake aski don a can kake, sakarai. Da bakin bola ka koma, can zan bi ka."

"To bi ni da ido. Kan naka ma me ya rage a kai? Gashi uku, biyu sun yi ritaya."

"Ni? Sumata kakarka ta gani ta ƙi samarin gari."

"Matata ta faɗa min tausayi ne. Jira take ka ba ni wuri."

"Da wannan wuyan naka na zakaran da ruwa ya daka?"

Jikan ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Ya ɗauki tawul ya ajiye, ya goge madubin da ya riga ya goge, ya sake leƙawa waje.

"Ga shi can ya ɗaga waya! Hoto yake nema, Tsoho. Ina kai kilifar aski kusa da kunnenka, gobe lauyansa ya iso. Sabon maigidana ya ce ba ya son rigima. Ranar da aka ambaci kotu, ranar zan tattara komatsaina."

"Ai ya tare ni jiya a hanya," in ji kakan. "Wai in cire hula ya gani. Ya ce ya san hannunka, yadda kake karkata layin bayan kunnen hagu, ko a cikin taro zai gane."

Jikan ya juyo da sauri. "Ka cire?"

"Na ce masa hulata ba ta gaisawa da 'yan baƙin ciki. Amma na ga in ban nuna ba, cewa zai yi askinka nake ɓoyewa."

Ya dogara sanda ya miƙe, ya tsaya a bakin ƙofa yana fuskantar titi, ya fizge hular. Sai ga gashi fari fat, ya cukuikuye, ya tashi buzu-buzu kamar audugar tsohuwar katifa.

"Ɗauki!" ya ƙwala wa na tsallake. "Ɗauki da kyau, ka kai wa lauyan!"

Mutumin ya sauke waya a hankali, ya shige shagonsa.

"Tsoho," in ji jikan, murya ta yi ƙasa, "tun yaushe?"

"Tun ranar da ka bar can. Shi ba zai taɓa min kai ba, kai kuma an ɗaure maka hannu. Kakarka har ta raba min filo. Ina gashi ukun da ka ce?"

Tausayi da dariya suka kama jikan lokaci guda, har sai da ya share ido da tawul ɗin. Ya jawo durowa, ya zaro mataji mafi girma ya miƙa masa da hannu biyu.

"Na sallama, ka ci ni. Riƙe wannan, yarjejeniyar ba ta hana kyauta ba. Ranar da shekara ta cika, kai ne na farko a kujerar nan."

Kakan ya soke matajin a cikin gashin, matajin ya tsaya cak bai faɗo ba.

"Ka tanadi lauje," ya ce. "Kilifarka ba za ta iya ba."