Injiniya, Wayarka Ta Cika?

Kawu Sale yana da shagon kwamfuta a Makarfi, da tsofaffin kwamfutoci biyu da na tabbata sun girme ni. Allon ɗayar ya mutu tuntuni, don haka ta cikin 'yar'uwarta ake shiga a ɗauko aiki. Ranar nan mai mataccen allon ta ƙi shiguwa, ga Malam Isiyaku ya taso tun daga Nasarawan Doya karɓar katin walimar saukar ɗalibansa.

Na ce, "Kawu, matsa. Wannan aikin 'yan zamani ne."

Na sauya lambar sirri, na kashe na kunna, na hure ƙura, har na yi wa Malam bayanin cewa tsufa ne ya kama manhajar. Ya tausaya, ya yi mata addu'a.

Can Malam ya nemi inda zai sa caji. Kawu ya leƙa ƙarƙashin tebur, ya daɗe bai ɗago ba.

"Wa ya zare akwatin da ke haɗa su, ya maƙala wayarsa?"

Ni ne, tun da safe.

Malam ya karɓi katinsa, ya ce a ƙyale yaro. Amma har yau, ko wuta aka ɗauke a unguwa, sai Kawu ya waiwayo: "Injiniya, wayarka ta cika?"