Rawanin da Ya Ja Mini a Bracodi

Lokacin da nake koyar da ilimin zamantakewa a Abijan, na bugi ƙirji na ce wa ɗalibaina mai bincike na ƙwarai sajewa yake da jama'a. Don su gani da idonsu, na zuba babbar riga da rawani, na ja su gidan suna a unguwar Bracodi.

Da ganin rawani da samari a bayana, maigidan ya miƙe. "Malam, bismilla, a yi mana addu'a."

Ni kuwa rainon Faransanci ne, daga Fatiha na kakare. Hannayen jama'a na sama, ana jira na. Abin da ya fito bakina shi ne "to" ɗin Faransawa, "Bon..."

Wani tsoho ya ce, "Amin."

Da na sani, da kwat ɗina na je. Ɗaliban sun yi furfura yanzu, amma ko'ina muka haɗu sai su ɗaga hannu: "Liman Bon, a sa mu a addu'a."