Macijin Ummi a Kular Hajiya Babba

Ba zan taɓa mantawa ba da shekarar da 'yata Ummi ta tafi jami'a ta bar mini amanar macijinta. E, maciji. Wata 'yar ƙaramar mesa ce da take kiwo a akwatin gilashi, irin na yaran da suka tashi a Amurka. Ni kuwa, da ko ƙadangare ba na haɗa hanya da shi a Kano, sai ga ni ina ba maciji ɓera.

Babban tsorona kar Hausawan Lanham, garin da muke zaune a nan Amurka, su ji. Kun san mutanenmu: mace ta ajiye maciji a gida, kafin Juma'a an ce shi yake mata aman dala. Musamman Hajiya Babba, dattijuwar da ta riƙe ni kamar 'yarta tun zuwana ƙasar nan. Ita ke fara aiko mini da abincin Sallah, ita ke mini faɗa in na yi kwana biyu ban leƙo ba.

Ana nan sai macijin ya daina bayan gida. Cikinsa ya kumbura, ya ƙi abinci. (Ni ma'aikaciyar jinya ce, amma har na ɗauko tsamiya zan ba shi kafin hankalina ya dawo.) Likitan dabbobi ya ce in riƙa jiƙa shi a ruwan ɗumi na minti ashirin, kar ruwan ya huce.

Kar ya huce? Idona ya faɗa kan kular da Hajiya ta aiko mini da tuwo a ciki. Me ya kai kula riƙe ɗumi? Na zuba ruwa, na sa shi a ciki, na ɗora murfi a karkace don ya sha iska. Har ina yaba wa kaina basira.

Sai aka buga ƙofa. Hajiya ce, ta biyo daga asibiti ta karɓi kularta.

Muka gaisa a tsaye, ni gumi kawai nake. Kafin in ƙirƙiro ƙarya ta wuce kicin, don a gidana ba ta neman izini. Ta ɗaga kular, ta ji nauyi, fuskarta ta washe. Ai a wurinmu ba a mayar da kwano haka nan, sai an sa wani abu a ciki.

"Kai, 'yar nan, har da wahala haka? Ai da kin bari. Farfesu ne?"

"Hajiya, don Allah kar ki..."

Ta buɗe. Maganin likita ya yi aiki kuwa, a daidai wannan lokacin. Warin ya fara fitowa, sannan mai gidan na cikin kula ya ɗago kai yana lasar iska, cikin jin daɗi.

Hajiya ta yi salati, ta tsallake kujera da gwiwar da aka ce sai an yi mata aiki. Ni kuwa na durƙusa ina ta zuba bayani: na Ummi ne, ba ya cizo, ciki ne ya cushe masa. Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige.

Ta tsaya daga bakin ƙofa tana kallona, tana haki. Can ta ce, "To, ya samu lafiya dai?"

"Ya samu, Hajiya."

"Alhamdulillahi. Kular kuma na bar masa."

Ba ta faɗa wa kowa ba, har ta koma gida Kano. Kafin tafiyarta abincinta bai daina zuwa ba, sai dai daga ranar a robar yarwa yake zuwa, kuma ba ta taɓa cewa komai a kai ba. Ina kewarta sosai.

Na dai koyi darasi: in an aiko miki da tuwo, ki wanke kular ki mayar tun a ranar, kafin basira ta zo miki.