Saniyar Malam Ba Ta da Tozo

"Lafiya lau, sai dai ganin ka babu ko ƙwayar goro," in ji Kaka Zaratu, ba ta ko ɗago kai daga bakin murhu ba. "Miji ya zo wa matarsa da naɗaɗɗiyar takarda. Saki ne?"

Shekara arba'in ta yi tana sayar da ganda a kasuwar Kejetia ta Kumasi kafin gwiwa ta zaunar da ita. Jikanta Abdul-Kudus malami ne a wata firamare a Asokore Mampong, kuma ta san halinsa: in ya durƙusa har ƙasa, buƙata ce ta kawo shi.

"Wa zai sake ki, tsohuwa? Ko kyauta na bayar da ke, dawo min da ke za a yi. Taimako nake nema. Na tambayi ɗalibaina daga ina naman shanu yake zuwa, wata ta ce daga firji, sauran suka tafa mata. Gobe hedimasta zai zauna a ajina, ga Sulley mahauci da ya ce zai zo ya yi musu bayani ya tafi arewa sayen shanu."

"Sai ka tuna da ni."

"Ke kaɗai na sani da kika girmi shanun ƙasar nan duka."

Ya warware takardar a kan tabarma. Ga saniya mai fari da baƙi a cikin ciyawa, ga mota, ga mayanka, ga firji, ga tebur har da cokali. Kaka ta ƙanƙance ido.

"Wannan wace dabba ce?"

"Saniya mana."

"Ina tozonta?"

"Haka take a littafi."

"Littafin ƙasar wa? Ubana ya koro shanu da ƙafa tun daga Dosso har Kumasi, bai taɓa gamuwa da mai shafaffen baya irin naka ba. Ko kai ka cinye tozon kafin ka zana?"

"Ajiye miki na yi. Shi kaɗai haƙoranki biyu za su iya."

"Uku ne, marar kunya! To fatar fa? Daga mayanka ka yi tsalle sai firji. Ina masu babbaka? Ina masu kankarewa? Ina ni? Ganda ce ta ɗinka maka wandon makaranta, yau ka share ta daga duniya. Teburin nan kuma na gidan uban wa? A kwano ɗaya kuka ci, kai ne mai ɓoye tsoka a kumatu."

"Shi ya sa na ce ki zo ki faɗa musu da bakinki."

"Zan faɗa musu kuwa. Har da ranar da aka kayar da sa a bikin yayarka Safiatu, malaminsu ya shige cikin zanina yana kiran uwarsa."

"Shekarata biyar lokacin!"

"Tara."

Abdul-Kudus ya fara naɗe takardarsa a hankali. Kaka ta saci kallonsa. Tun da ya shigo yake murza yatsu, yadda yake yi yana yaro in an ce gobe jarrabawa. Abin bai yi mata daɗi ba.

"Kawo nan."

Ba ta taɓa riƙe alƙalami ba, amma gawayi tsohon saninta ne. Ta zaro guda daga gefen murhu, ta danne takardar da gwiwa, ta ɗora wa saniyar tozo, ta ja baya ta duba, ta ƙara masa tsawo.

"Kaka, wannan ai raƙumi ne!"

"To gobe wa zai gane saniya ce in ban je na yi bayani ba? Ka zo da tasi, gaba zan zauna. Matar malami ba ta matsuwa a trotro, bas ɗin kowa da kowa."

Ya yi dariya har da kwanciya a tabarma. "Na sallama, kin ci ni. Labarin zanin fa?"

Ta karkaɗe baƙin gawayi daga hannunta.

"Sai na ga girman tozon da ka zo min da shi."