Mu Atina, Ku Sparta

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na kusa tarwatsa neman auren Nasiru ba, kuma wautata ce ta jawo.

Shekarar da kansul, wato ƙaramar hukuma, ta rufe laburaren da nake shara a unguwarmu Levenshulme da ke Manchester (na daɗe ina goge ƙurar littattafai, ban taɓa buɗe ko ɗaya ba), sai na ba Nasiru hayar ɗakin sama. Ɗalibi ne, yana nazarin yaƙe-yaƙen biranen Girka na dā. Kullum bayan tuwo sai ya ba ni labari: yadda Atina da Sparta suka haɗa kai suka kori rundunar Farisa. Daidai nan barci yake kwashe ni. Ni a wurina, labarin ya ƙare da zumunci.

Da ya ga yarinya a Birmingham, iyayensa suna Katsina, sai ya ce, "Baba, kai za ka nema min." Na saka babbar riga, muka tafi unguwarsu Handsworth mu huɗu. Uban yarinyar, Alhaji Bello, dama yana ɗari-ɗari da yaron da karatunsa ba ya kawo abinci. Na ce bari in nuna masa amfanin karatun.

Bayan gaisuwa, maimakon in ce mun zo neman iri in yi shiru, sai na gyara murya: "Alhaji, mu mutanen Manchester da ku, so muke mu zama kamar Atina da Sparta!"

Falon ya yi tsit. Na ɗauka burgewa ce, har na ƙara da, "In sha Allahu yadda suka ƙare, haka za mu ƙare."

Alhaji ya ajiye kofin shayinsa. "Malam Garba, yaron nan ya ba ni labarin har ƙarshe. Bayan Farisa sun tafi, sai suka juya wa juna, yaƙi kusan shekara talatin. Sparta ta tsare wa Atina abinci har ta durƙusa, aka rushe ganuwarta ana busa sarewa."

Na ga auren yana zamewa, da kuɗin hayata gaba ɗaya.

Sai kawai Alhaji ya fashe da dariya, ya ce ya bayar, tunda yaron da zai iya zama da ni zai iya zama da kowa. Tun ranar, in ana labari, sai an gama nake cin tuwo.

Da za mu tafi ranar, a bakin ƙofa Alhaji ya riƙe hannuna: "To Malam, ba ka faɗa ba. Ganuwar wa za a rushe, tamu ko taku?"