Allon Gidan Tuwon Hajiya Balaraba

Ba zan taɓa mantawa da yammacin da na fara ganinta ba, kuma na yi ƙoƙarin mantawar. A tsakar gidan hayarmu ne na Belleville, a Treichville, cikin shekarun tamanin, lokacin da wani maƙwabcinmu ya sayi talabijin mai launi yana fito da ita waje don a san ya saya. Na zo wucewa da bokitin wanka sai ga ta: wata mata cikin fim ɗin zane mai motsi na Japanawa, tana tuƙa jirgi a tsakanin taurari. Idanu sun cinye rabin fuska. Gashi shuɗi har gadon baya, ƙugu kamar na zanzaro, ƙafafu sun ƙi ƙarewa, rigar yaƙinta kuwa da kaɗan ta fi hankici. Ta buɗe baki ta yi Faransanci mai taushi. Na ajiye bokiti. Ranar ban yi wanka ba.

Kada ku ce yarinta ce. Shekarata ashirin da huɗu, har da gemu. Abin da ya lalata ni litattafan soyayya ne masu hotuna da ake bazawa a ƙasa a kasuwar Adjamé, waɗanda namiji ke dafe ƙirji yana kallon teku. (Ni ma na gwada a bakin gada, sauro ya kore ni.) Sana'ata rubuta allunan shaguna, na masu aski da masu gyaran rediyo. Daga ranar nan duk takardar da ta faɗo hannuna sai matar nan ta fito a kanta.

Alhali ina da budurwa ta gaske. Rabi, mai buga tafireta a wani ofis a unguwar Plateau, 'yar Hajiya Balaraba mai tuwo a gefen tashar motar Adjamé. Shekara biyu ina zuwa zance, ina karanto mata jimlolin da na kwafo, tana gyara mini Faransancin. An riga an tsayar cewa bayan salla Kawu Sani zai jagoranci manyanmu su je neman aurenta.

Ana cikin haka Hajiya ta yi sabuwar rumfa, ta aika aka kira ni.

"Ɗana, allo nake so. Sunana, da mace riƙe da kwanon tuwo, yadda direban da bai yi boko ba zai gane daga nesa."

"Mama, ki bar mini. Sai an zo kallo har daga unguwar Bracodi."

Wannan alkawarin kam na cika shi.

Kwana tara na kulle kaina ina aiki. Da Rabi ta tambayi yadda ake ciki, na dafe ƙirji na ce, "Duk layin da na ja, ke nake gani." Ta yi murmushi irin wanda ban taɓa samu da jimlolin aro ba. Ni kuwa na koma na zana matar talabijin sak, tsawon mutum, da ƙugun da ƙafafun da rigar. Don nuna tarbiyya na ɗaura mata ɗankwali. Na miƙa mata kwanon tuwo da miyar kuka, a ƙarƙashinta na rubuta da manyan baƙaƙe: CHEZ HADJA BALARABA. Wallahi ko sau ɗaya zuciyata ba ta ce mini kai tsaya ba.

Ni na nace a lulluɓe allon da zanin gado sai ranar buɗewa, saboda a litattafai haka ake yi. Ranar Juma'a bayan an sauko, Hajiya ta tara jama'a: Malam Idi mai karantar da unguwa da dattawansa, matan layi, direbobi, da Kawu Sani cikin babbar rigar da ya tanada don neman aure. Aka yi addu'a, aka shafa. Na hau tsani, na ja zanin gado da salo.

Ban taɓa sanin tashar Adjamé za ta iya yin shiru ba.

Malam Idi ya ɗaga kai, ya sauke shi kan carbinsa da sauri. Wani direba ɗan ƙabilar Jula ya karanta sunan da ƙarfi, harafi bayan harafi. Ya dubi hoton. Ya dubi Hajiya, mai shekara sittin da haƙorin Makka da jikin da ke cika kujera biyu a gbaka, motar hayar garin. Sannan ya tambaya cikin ladabi, "Hajiya, wannan kafin ki sauke farali ne?"

Wajen ya fashe. Har mai wanke kwanuka ta zauna a ƙasa.

Hajiya ba ta yi dariya ba. Ta matso ta ƙare wa hoton kallo kamar mai duba naman da ake shakka.

"Ɗana, baiwar Allahn nan jinya take yi? Ina take zuba tuwon? Wa zai ci abincin matar da ba ta da ciki?"

"Yadin ne ya ƙare," Malam ya tambayi carbinsa, "ko fentin?"

Da na yi shiru da na tsira da wani abu. Sai na ce daga saman tsani, "Malam, ai a Japan haka ake zana su."

"Su mutanen can ba mata ne suka haife su ba?"

Hukuncin da aka yanke shi ne ba zan sauko ba sai na suturta ta. Aka miƙo mini gwangwanayen fenti, matan layi suka jeru suna ba da umarni. Sauke zanin. Ƙara saukewa, muna ganin idon sawu. Sa mata hannun riga. Ƙara mata ƙiba, ta gefen nan ma. Rage idon, kamar mujiya. Kafin la'asar matar da ke tuƙa jirgi a tsakanin taurari ta koma buhun shinkafa mai mayafi. Kawu Sani ya tafi ba sallama.

Duk wannan mai sauƙi ne. Rabi na jirana a bayan rumfa, wajen tukwane.

"Ka ce ni kake gani."

"Ruhinki na zana, Rabi. Ido ba ya..."

"Rufe idon naka."

Na rufe, har ina tsammanin abin da ke biyo baya a litattafai.

"A wane kumatu tabona yake?"

Na ce na hagu. Na ce a'a, na dama.

"Ba ni da tabo a kumatu," ta ce. "Shekara biyu kana zama a gabana." Ta ɗauki jakarta ta wuce. Salla ta zo ta tafi, babbar rigar Kawu ba ta sake fitowa ba.

Rabi ta auri wani mai shagon tabarau a Treichville, mutum mai sanyin hali wanda aikinsa kullum ya ce wa mutane su duba da kyau. Bayan shekara goma sha biyar muka haɗu a wani suna, tana tafe da 'ya'yanta mata uku. Muna gaisawa na kalle ta sosai, karon farko a rayuwata, sai ga ɗan tabo a ƙasan haɓa.

"Rabi, ashe akwai tabon."

"Tun ina shekara biyar," ta ce. "Barka da warkewa."

Har yau ina zane. Amma duk wanda ya kawo aiki sai ya zauna a benci na kalle shi tukuna, har ya fara tsarguwa. Abin da na koya ke nan, a makare: macen da ke cikin akwatin talabijin ba ta taɓa tambayar kowa inda tabonta yake ba, shi ya sa son ta ba wuya.